Kotun Landan, Tahkimi ko Kotun Gida: Wanne Za a Rubuta a Kwantiragin Cinikin Ƙetare?

Idan ɗan kasuwar Dawanau ya samu mai sayen riɗi ko zoɓo a ƙasar waje, idonsa na kan abu uku a takarda: farashin tan, ranar lodi, da yadda kuɗi za su shigo. Saura kuwa sai ya ce lauya ya duba, in ma akwai lauyan. Amma can ƙasa, dab da wurin sa hannu, akwai layi biyu ko uku da ke faɗin dokar ƙasar da za ta hau kan cinikin da kuma inda za a je idan an saɓa. Ranar da mai saye ya ce kwantena ta iso da danshi ya ƙi biyan ragowar kuɗi, waɗannan layukan ne za su yanke ko akwai abin da za a iya yi ko sai dai a bar wa Allah.

Fannin shari'ar da ke kula da wannan shi ne dokar rikicin da ya ƙetare iyaka tsakanin mutane da kamfanoni, ba tsakanin gwamnatoci ba. Tambayoyinsa uku ne tun fil azal: wace kotu ce ke da hurumi, dokar wace ƙasa za a bi, kuma shin hukuncin da aka yanke a wata ƙasa zai yi aiki a wata. Daga 2019 zuwa yau fannin ya motsa sosai, har wasu lauyoyin Turai na cewa kotu ta fara kamo tahkimi. Ni dai ra'ayina shi ne maganar tasu gaskiya ce a Turai, amma ga mai ciniki daga Kano ko Maraɗi sai an tace ta. Kuma tambaya ta uku ce ya kamata a fara yi, ba ta farko ba. Kafin ka ce kotun wane gari kake so, ka tambayi kanka ina dukiyar abokin cinikinka take, domin can ne takardar hukuncinka za ta je ta zama kuɗi ko ta zama abin ƙunshe ƙosai.

Bari in fayyace kalmomi biyu. Tahkimi shi ne ɓangarori biyu su amince su zaɓi hakami ɗaya ko uku, ba alƙalan gwamnati ba, su saurare su su yanke hukuncin da ya zama dole. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu, duk wanda ya yi karatun fiƙihu ya san shi. Sulhu kuwa mai shiga tsakani ba ya yanke komai, yana dai jan ɓangarorin har su daidaita da kansu.

Abin da ya canza a ɓangaren kotu

Yarjejeniyoyi biyu na birnin Hague ne suka jawo surutun. Ta farko ta 2005 ce, ta fara aiki a Oktoban 2015. Abin da ta ce a taƙaice: idan 'yan kasuwa biyu suka zaɓi kotun ƙasa guda ita kaɗai, wannan kotun dole ta saurari ƙarar, kotunan sauran ƙasashen yarjejeniyar dole su janye hannu, kuma dole su zartar da hukuncin da ya fito. Tarayyar Turai na ciki, da Birtaniya, da Singafo, da Meziko, da Yukren, da Suwizalan. Amurka ta sa hannu a 2009, Sin ta sa a 2017, amma babu wadda ta tabbatar da ita a cikinsu. Ta biyu ta 2019 ce, ta fi faɗi, domin tana ɗaukar hukunci ko da ba a keɓe kotu guda ba. Ta fara aiki a 1 ga Satumban 2023 tsakanin Tarayyar Turai da Yukren, sannan Birtaniya ta shigo daga 1 ga Yulin 2025, abin da ya toshe wani babban rami da ficewarta daga Tarayyar ta haƙa. Ita ta 2019 ba ta shafi jigilar kaya da fasinja ba, don haka rikicinka da kamfanin jirgin ruwa ba ya cikinta.

Najeriya ba ta cikin ko ɗaya, haka Nijar, haka Gana. A nan ne mutane ke saurin rufe littafi su ce to ina ruwanmu. Akwai ruwanmu. Yarjejeniyoyin ba su duba fasfon mai ƙara, suna duba ƙasar da kotun take. Ɗan Najeriyar da ya sayar da citta ga kamfani a Holan ko Jamus, ya rubuta cewa kotun Ingila ce kaɗai ke da hurumi, in ya ci shari'a a Landan zai iya ɗaukar hukuncin ya kai Rotadam ko Hambog a zartar masa kamar kowane Bature. Mai sayar da zoɓo ga Meziko ma haka, kuma Meziko na daga manyan masu sayen zoɓonmu. Ita ce ma ƙasar da ta fara shiga yarjejeniyar 2005, tun 2007. Saboda haka idan kai ne mai sayarwa, kuma dukiyar mai saye tana Turai ko Meziko ko Singafo, kotun Landan zaɓi ne na gaske, ba ado ba.

Kotu tana da abubuwan da tahkimi ba shi da su. Ba ka biyan alƙali albashi. Idan bashin a fili yake, kaya sun isa an karɓa an ƙi biya, kotun kasuwanci ta Ingila na iya yanke hukunci a taƙaice ba tare da doguwar shari'a ba. Akwai ɗaukaka ƙara in alƙali ya kauce. Tana iya jawo wani na uku cikin shari'ar, kamar banki ko dillali, abin da hakami ba zai iya ba sai da yardar mutumin. Sai dai lauyoyin Landan a fam ake biyansu, awa-awa, kuma ƙa'idar can ita ce wanda ya faɗi ya biya kaso mai tsoka na kuɗin lauyan wanda ya ci. Ana ma iya sa mai ƙara daga waje ya fara ajiye kuɗin jingina kafin a ci gaba. Wanda ya san yadda naira take a gaban fam ya san abin da nake nufi.

Masana ma ba su haɗu a kan yarjejeniyar 2005 ba. A 2021 Gary Born, ɗaya daga fitattun lauyoyin tahkimi a duniya, ya fito ya ce ƙasashe su guje ta, domin tana tilasta wa kotu ta zartar da hukuncin wata ƙasa ko da kotunan can ba su da 'yanci ko cin hanci ya yi musu katutu. Masana daga ofishin Hague da wasu jami'o'in Turai suka mayar masa da martani cewa kariyar da ke cikinta ba ta gaza ta tahkimi ba. Wasu sun ce mai sayar da tahkimi ne yake kushe hajar maƙwabci. Ko ma dai mene ne, muhawarar ta nuna abin da ke hana yarjejeniyar yaɗuwa: ƙasashe ba su yarda da alƙalan juna ba.

Yanzu a juya lamarin. A ce Bature ne ke bin ɗan Najeriya, ko kuma abokin cinikinka baƙo ne amma ma'ajiyarsa da asusunsa suna Legas. A nan hukuncin waje sai ya shigo ta ƙofar dokokin Najeriya, kuma ƙofar tana da ruɗani. Akwai dokar 1922 ta zamanin Turawa, wadda ta shafi hukuncin manyan kotunan Birtaniya da wasu tsofaffin yankunan mulkinta kamar Gana, Saliyo da Gambiya, tana ba da wata 12 a yi rajistar hukuncin. Akwai kuma dokar 1961 da aka yi don ta maye gurbinta, amma sai Ministan Shari'a ya fitar da umarnin da ke ambaton ƙasashen da za ta shafa, kuma shekara sama da 60 ba a fitar ba. Kotun Ƙoli ta sha fama da wannan, a shari'ar Macaulay da bankin RZB na Ostiriya a 2003, da ta Marine and General Assurance a 2006, ta tsaya a kan cewa tsohuwar dokar na nan da ranta. A 2009, a shari'ar Grosvenor Casinos, ta ƙi amincewa da rajistar wani hukuncin Ingila saboda wanda ake bi ba mazaunin can ba ne, ba ya kasuwanci a can, kuma bai miƙa kansa ga kotun ba. Chukwuma Okoli da Richard Oppong, waɗanda suka fitar da cikakken littafi kan wannan fanni a Najeriya a 2020, suna cikin masu kiran a gyara wannan tsari. Ga ɗan kasuwa dai darasin gajere ne: wata 12 ba ta da yawa, kuma sharaɗin da aka sa wa hannu na amincewa da kotun waje shi ne ke ɗaure mutum. A shari'ar Conoil da Vitol, Kotun Ƙoli ta tsayar da kamfanin Najeriya a kan alkawarin da ya yi na zuwa kotun Ingila.

Wannan ya kawo mu ga wani tunani da na sha ji a bakin 'yan kasuwa, wai ko me aka rubuta, in rigima ta tashi a gida za a yi ta. Da can akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A 1987, a shari'ar Sonnar, kan shinkafar da aka ɗauko daga Bankok zuwa Legas, takardar jirgi ta ce a je Jamus, amma Kotun Ƙoli ta bar shari'ar a Najeriya saboda wa'adin shigar da ƙara ya riga ya wuce a Jamus, tura mai kayan can daidai yake da hana shi haƙƙinsa. Amma a 2008, a shari'ar Nika Fishing, kan daskararren kifi daga Ajantina, kotun ta ce a tafi Ajantina kamar yadda aka rubuta. Ƙa'idar yau ita ce alkawari kaya ne, sai in ka kawo dalili mai ƙarfi ƙwarai. Togaciya ɗaya sananniya tana cikin dokar hurumin shari'ar teku ta 1991, wadda sashe na 20 nata ya soke sharaɗin da ke ƙwace hurumin Babbar Kotun Tarayya a irin waɗannan shari'o'i in suna da alaƙa da Najeriya.

To me zai hana ka rubuta Babbar Kotun Kano kawai? Idan dukiyar abokin cinikinka tana Najeriya, babu abin da zai hana, kuma sau da yawa shi ne mafi arha da hankali. Hukuncin babbar kotun Najeriya ma ana iya yi masa rajista a Ingila a ƙarƙashin dokarsu ta 1920. Matsalar tana tasowa ne in za ka ɗauke shi zuwa Sin, Turkiyya, Japan ko Dubai, wato inda mafi yawan riɗinmu ke tafiya da inda mafi yawan kayan Kantin Kwari ke fitowa. Inda babu yarjejeniya ta musamman, kotunan Sin suna aiki da ƙa'idar ka-yi-min-in-yi-maka. Sun sassauta ta tun ƙarshen 2021, har kotun teku ta Shanghai ta amince da hukuncin Ingila a Maris na 2022 a shari'ar Spar Shipping, abin da aka yi ta yayatawa saboda shi ne na farko. Idan hukuncin Landan sai a 2022 ya samu shiga, kada ka gina cinikin miliyoyi a kan cewa na Kano zai wuce salin alin.

Tahkimi, da ƙayoyin da ke cikinsa

Ƙarfin tahkimi kusan duk daga takarda ɗaya yake, yarjejeniyar New York ta 1958, wadda ƙasashe sama da 170 suka shiga. Nijar ta shiga a 1964, Gana a 1968, Najeriya a 1970, Sin a 1987, Kamaru a 1988, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 2006, Sudan a 2018. Kotun da aka kai wa hukuncin hakamai ba ta da ikon sake duba wa ke da gaskiya. Dalilan ƙi kaɗan ne, an lissafa su: babu sahihiyar yarjejeniyar tahkimi, ba a sanar da mutum ba ko ba a ba shi damar kare kansa ba, hakamai sun wuce abin da aka ɗora musu, an soke hukuncin a ƙasar da aka yanke shi, ko ya ci karo da ginshiƙan dokar ƙasar. A Sin ma, tun 1995 ƙaramar kotu ba ta iya ƙin zartar da hukuncin tahkimin waje sai ta kai maganar har Kotun Ƙoli ta amince. Babu wata yarjejeniyar kotu da ta kai ko kusa da wannan faɗi. Idan abokin cinikinka yana Gwanju ta Sin ko Istambul ko Dera ta Dubai, muhawara ta ƙare tun a nan, tahkimi ne.

Najeriya kuma ta sabunta dokarta. A 26 ga Mayun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar tahkimi da sulhu, ta maye gurbin ta 1988. Yanzu kotu dole ta dakatar da ƙara ta tura mutane tahkimi in sun yi alkawarinsa. An yarda da hakamin gaggawa, an yarda wani ya ɗauki nauyin kuɗin shari'arka a kan ya ci kaso in an yi nasara. An gyara wata tsohuwar masifa daga shari'ar City Engineering ta 1997, inda wa'adin zartarwa ke ta gudu tun daga ranar da aka saɓa alkawari, har mutum ya gama tahkimi ya tarar lokacinsa ya ƙare. Yanzu ba a lissafa lokacin da aka ɓata a gaban hakamai. An kuma ƙirƙiro wani kwamitin bitar hukunci da ɓangarori za su iya zaɓa tun a kwantiragi. Shi wannan ina ɗari-ɗari da shi, domin wanda ya faɗi yana iya mayar da shi ƙarin matakala kafin a kai kotu.

Amma wanda ya ce tahkimi ba shi da aibi bai karanta labarin P&ID ba. Kwantiragi ne na sarrafa iskar gas a Kalaba tsakanin wannan kamfani da gwamnatin Najeriya, an sa hannu a 2010, ba a taɓa aza ko bulo ɗaya ba, amma a Janairun 2017 hakamai a Landan suka ce Najeriya ta biya dala biliyan 6.6, da ruwan da ya kai shi sama da biliyan 11. Sai a 23 ga Oktoban 2023 Mai Shari'a Knowles na Babbar Kotun Ingila ya yanke cewa da zamba aka samo hukuncin, abin da ya kai ga soke shi, kuma ya ja hankalin masu sana'ar kan yadda sirrin tahkimi ke iya rufe ɓarna. Babu ɗaukaka ƙara a tahkimi yadda aka sani a kotu. Hakami ya yi kuskuren lissafi ko na fahimtar shaida, galibi haka za ka haɗiye. Najeriya ta kuɓuta ne saboda an tono cin hanci, ba don an ga adadin ya yi yawa ba.

Akwai wani ƙaramin darasi a cikin shari'ar nan da ya fi shafar ɗan kasuwa. Kwantiragin ya ambaci Landan da kalmar da ke nufin wurin zama, sai aka yi ta jayayya ko Landan ce mazaunin tahkimin a shari'ance ko kuwa Najeriya. Mazauni ba ɗakin taro ba ne. Shi ne ke faɗin kotun da za ta sa ido kan tahkimin, ita kaɗai ke iya soke hukuncin. Kana iya zama a otal a Abuja alhali mazaunin Paris ne. Idan ka zaɓi Legas, ka samu arha da kusanci, akwai cibiyoyi da ƙwararrun hakamai, amma ƙalubalantar hukuncin zai bi layin kotunan Najeriya. Hukuncin tahkimin da kamfanin IPCO ya ci a kan NNPC a Legas a 2004, na kusan dala miliyan 152, ya shekara sama da goma yana yawo, har kotunan Ingila suka yi ta tsokaci kan jinkirin. Idan kai ne ake bi, jinkiri abokinka ne. Idan kai ke bi, shi ne maƙiyinka. Kigali, Alƙahira da Nairobi duk suna da cibiyoyin tahkimi, ga wanda ke son tsaka-tsaki ba tare da tsadar Turai ba.

Sai wata ƙaya da ta cinye lokacin manyan kotuna a 'yan shekarun nan: shi kansa sharaɗin tahkimin, dokar wace ƙasa ke hawa kansa? Kamar wasa, amma dubi Kabab-Ji, kamfanin gidajen abinci na Labanan, da Kout Food na Kuwait. Kwantiragi ya zaɓi dokar Ingila, tahkimi a Paris. Kabab-Ji ya ci. Kotun Ƙolin Birtaniya a 2021 ta ƙi zartarwa, ta ce a dokar Ingila Kout bai taɓa shiga yarjejeniyar ba. Kotun Ƙolin Faransa a 2022 ta ce hukuncin daram yake. Takarda ɗaya, hukunci biyu masu karo. Irin haka ta taɓa faruwa da Dallah, kamfanin Saudiyya da ya yi yarjejeniyar gina wa alhazan Pakistan masauki a Makka: Landan ta ƙi a 2010, Paris ta amince a 2011. Birtaniya ta gaji da ruɗanin da hukuncin Kotun Ƙolinta a shari'ar Enka ta 2020 ya bari kan wannan tambaya, ta yi sabuwar doka da ta fara aiki a 1 ga Agustan 2025: in ba a fito fili an zaɓi wata doka ga sharaɗin tahkimin ba, dokar mazauni ce. Maganin duk wannan layi ɗaya ne da lauyanka zai ƙara, amma kwantiragi nawa ne ke da shi?

Masu hulɗa da Dubai su duba tsofaffin takardunsu. A 2021 gwamnatin Dubai ta rushe cibiyar tahkimi ta DIFC-LCIA da doka mai lamba 34, ta mayar da shari'o'inta ga cibiyar DIAC. Wata kotu a Luwiziyana ta Amurka ta ce a 2023 ba za ta tilasta tahkimi a cibiyar da ba a zaɓa ba, kotun ɗaukaka ƙara ta warware hukuncin a farkon 2025. Har yau ana samun masu kwafo tsohon sharaɗin daga intanet suna liƙawa.

Masu riɗi da gyaɗa kuma sau da yawa ba su ma san sun riga sun zaɓa ba. Idan takardar ta ce sauran sharuɗɗa bisa fom na FOSFA, ƙungiyar masu cinikin mai da 'ya'yan da ake tatsarsa, ko na takwararta GAFTA ga hatsi, to ka amince da dokar Ingila da tahkimin ƙungiyar a Landan, da wa'adin shigar da koke mai gajarta, musamman kan ingancin kaya. Ba mummunan zaɓi ba ne. Hakamansu 'yan kasuwa ne da suka san danshi da tsakuwa, ya fi arha, kuma wanda ya ƙi biya ana sanar da sunansa ga mambobi, abin da babban mai saye ke tsoro fiye da sammaci. Amma ka nemi fom ɗin ka karanta kafin jirgi ya tashi.

Maganar kuɗi ba ta da daɗi. Buɗe fayil kawai a cibiyar tahkimi ta ICC da ke Paris dala 5,000 ne, ba a mayarwa, kafin kuɗin hakamai da na lauya. Cibiyoyin sun ƙirƙiro gajerun hanyoyi da hakami ɗaya: ICC ta ɗaga iyakar tata zuwa dala miliyan 3 a 2021, ta Singafo ta kawo wata mafi sauri a 2025 ga rikicin da bai wuce dalar Singafo miliyan 1 ba. Duk da haka, a kan kwantena ɗaya ta dala 40,000, tahkimin ƙasa da ƙasa kashe tururuwa da gatari ne. Mai irin wannan ciniki kariyarsa ba ta shafin ƙarshe, tana shafin farko: kafin alƙalami mai kauri, takardar lamunin biya daga banki (LC), binciken kaya kafin lodi, da riƙe takardar jirgi har kuɗi su sauka.

Nijar, Chadi da Kamaru suna da tasu hanyar da Najeriya da Gana ba su da ita. Suna cikin ƙasashe 17 na OHADA, ƙungiyar da aka kafa a 1993, masu dokar kasuwanci ɗaya da babbar kotu ɗaya a Abijan. Ita kotun tana kuma gudanar da tahkimi, kuma in ta buga hatimin zartarwa a kan hukunci, yana aiki a dukkan ƙasashen. Ɗan Najeriya na iya amfani da ita in abokin cinikinsa mazaunin ɗaya daga ƙasashen ne ko a can za a aiwatar da kwantiragin. Ficewar Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025 ba ta taɓa wannan ba, ƙungiya ce daban. Ga mai hulɗa da Yamai ko Duwala, tahkimin Legas ma zai yi, tunda suna cikin yarjejeniyar New York. Ga mai hulɗa da Injamena kuwa, Chadi ba ta cikinta, don haka Abijan ta fi. Sai dai a shirya wa Faransanci, kuma a san kotun ta taɓa soke hukunci a 2015, a rikicin kamfanin Getma da gwamnatin Gini, saboda hakamai sun daidaita ƙarin ladansu da ɓangarorin ba da yawunta ba.

Sulhu ba zan daɗe a kansa ba, domin mun fi Turawa iya shi. Sabon abu shi ne yarjejeniyar Singafo ta 2019, wadda ke sa takardar sulhun da aka cim ma ta hannun mai shiga tsakani ta zama abin zartarwa kai tsaye. Najeriya ta tabbatar da ita a ƙarshen 2023, Saudiyya, Katar, Turkiyya da Japan ma suna ciki. Sin ta sa hannu kawai, Tarayyar Turai ba ta shiga ba. A sa shi a matsayin matakin farko mai wa'adi, kwana 30 misali, in ba a daidaita ba a wuce tahkimi. Ba a sa wa'adi ba, mai taurin bashi ya samu inuwa.

Akwai tambayar da 'yan kasuwarmu da yawa za su yi: in muna son Shari'ar Musulunci ta hau kan cinikin fa? A nan bambancin kotu da tahkimi a bayyane yake. A 2004, a shari'ar bankin Shamil na Bahrain da kamfanin Beximco na Bangaladesh, kwantiragin murabaha ya ce dokar Ingila za a bi bisa ƙa'idojin Shari'a. Kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta ce kwantiragi dokar ƙasa guda yake ɗauka, ta yi aiki da ta Ingila ita kaɗai. Hakamai kuwa dokar tahkimi ta Ingila ta ba su damar yin hukunci da ƙa'idojin da ɓangarori suka zaɓa ko da ba dokar wata ƙasa ba ce, kuma a 2011, a shari'ar Jivraj, Kotun Ƙolin Birtaniya ta amince da sharaɗin da ya ce hakamai su fito daga wata al'umma ta addini. Ƙa'idojin Hague na 2015 kan zaɓen doka sun buɗe ƙofa ga irin wannan zaɓi, kuma aikin da Jan Neels na Jami'ar Johanasbag ya jagoranta na tsara wa Afirka makamantansu yana kan wannan turba, amma waɗannan shawarwari ne na masana, ba dokar da ta ɗaure alƙali ba. Mai son Shari'a ya zaɓi tahkimi, kuma ya fayyace: mazhabar Malikiyya ce, ko ƙa'idojin hukumar AAOIFI na hada-hadar kuɗi ta Musulunci, da matsayin kuɗin ruwa a kan jinkirin biya. Rubuta kalmar Shari'a kawai gayyatar sabuwar rigima ce a kan tsohuwa.

Ga mai sayo kaya daga Sin a babban ciniki, ni Hon Kon zan zaɓa a kan Landan. Tun Oktoban 2019 akwai tsarin da ke bai wa mai tahkimi a cibiyoyin Hon Kon da aka amince da su damar roƙon kotun babban yankin Sin ta ƙulle asusun abokin rigima tun kafin a yanke hukunci, gatan da Landan da Paris ba su da shi. In mai sayarwa ya nace sai cibiyar tahkimi ta CIETAC da ke Beijin, ba abin gudu ba ne, amma a rubuta cewa da Ingilishi za a yi zaman, in ba haka ba kana iya tarar da takardu da Sinanci. Sannan kafin a sa hannu a duba sunan da ke kan takardar. Sau da yawa masana'antar tana Gwanju ko Yiwu, amma kamfanin da ya sa hannu ya karɓi kuɗin wani ne da aka yi wa rajista a Hon Kon, ba shi da komai sai asusun banki da adireshin ofishin haya. Hukuncin hakamai a kan wanda ya shiga yarjejeniya kaɗai yake hawa. A nemi sunan masana'antar na rajista da haruffan Sinanci, a gwada shi da lasisin kasuwancinta, kuma jan hatiminta ne za a buga a kan kwantiragin, ba na wakilin da ya tarbe ka a filin jirgi ba.